Sawun da Tsumma Bai Goge Ba

Kwalba ce 'yar ƙarama, da kyar ta fi gwangwanin madara, amma ranar Talatar nan ita ta hana unguwa guda a Agadas karin kumallo cikin natsuwa.

Abin da ke cikinta ƙari ne, wanda Lokotoro Abdul'aziz ya yanke daga wuyan Hajara mai ɗinkin fata ranar Litinin, a ɗan kilinik ɗinsa. An jiƙa shi a ruwan magani, an rubuta suna, an ajiye kan teburin labo, ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ya rage a kai shi tasha kafin la'asar, lokacin da ake rufe karɓar saƙon motar Yamai. Can ne ake da masu yanka shi siriri-siriri, su duba, su ce sankara ce ko ba ita ba. Ƙarin guda ne, kuma ya riga ya fita daga jiki, babu wani da za a sake yankowa. In ya ɓata, Hajara za ta koma gida da ɗinki a wuya da tambayar da ba mai amsa mata.

Da ƙarfe bakwai da rabi Ramata mai aikin labo ta shiga ta tarar da tebur fes. Kwalba ta yi ƙafa.

Lokotoro ya ba da umarni guda: kada maganar ta kai ɗakin marar lafiya. Mijin Hajara yana can bisa kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Dirku, daga ita sai tsohuwarta mai jinya, bai ga amfanin ɗaga musu hankali ba. An bi umarnin sau da ƙafa. Ɗakin nan kaɗai ne bai ji ba a duk faɗin gari. A teburin mai shayi aka ce an sace naman mutum. A bakin famfo aka ce yatsa ne. Kafin labarin ya isa kasuwar raƙuma ya zama hannu guda har da agogo.

*

A kasuwar raƙuman ne labarin ya iske Alkasum mai bin sawu, kawun Ramata, yana zaune yana hura shayi. Shekara arba'in ya yi yana bin dabbar da aka kora, da mutumin da ya ɓata a rairayi. Ana cewa in ya dubi sawun raƙumi yakan faɗi abin da ya ci jiya. Shi bai taɓa faɗin haka ba, amma bai taɓa ƙaryatawa ba, don yabo yana yi masa daɗi kamar kowa.

Wayarsa ta yi ƙara, ya kara a kunne.

"Kawu, ka zo yanzu-yanzu," in ji Ramata.

"Na ji labari. An ce hannu ne da agogo."

"Kawu, don Allah! Ba wasa ba ne."

"To ga ni nan. Kada kowa ya taka ɗakin."

Ta kashe waya ba ko sallama. Hakan bai yi masa daɗi ba.

Da ya isa ya ga dalili. Daɓen labo na karo ne, wato tayil, fari, an goge shi tas yana ƙyalli yana ƙamshin sabulu. Alkasum ya tsaya bakin ƙofa ya riƙe haɓa. A rayuwarsa iska ta sha share masa sawu, garken awaki ya sha tattake masa, amma tsumma bai taɓa yi masa wannan wulakanci ba. Tsakar gida kuwa 'yan kallo sun riga sun mai da ita fagen dambe.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Biba ce, mai shara. Kullum haka take yi."

"Allah ya ba ta lada," in ji shi, ransa a ɓace.

*

Biba na zaune bayan ɗakin wanki, ido jawur. Ita aka fi nunawa da baki tun safe, don an san tana zuwa wurin wani mai magani a bayan gari.

"Baba Alkasum, ciwon baya ke kai ni! Saiwa yake ba ni in jiƙa. Mi zan yi da naman mutum? Ni ko hanta ba na iya yankawa sai na runtse ido."

"Ban ce komi ba, Biba. Ba ni labarin safiyarki."

Ta ce da ƙarfe shida ta buɗe labo don warin maganin ya fita, kamar kullum. Ta bar ƙofa a buɗe ta tafi ɗibar ruwa. Famfo yana ɗigo kamar mai jin ƙyashi, ta daɗe. Ta dawo ta goge ƙasa, ta ja ƙofa.

"Kwalbar tana nan sa'ad da kika buɗe?"

"Tana nan."

"Da kika dawo fa?"

Biba ta yi tunani har goshinta ya tattare. "Walla ban duba sama ba. Ni ƙasa aka ba ni."

Wannan amsa ta burge shi, don shi ma ƙasa aka ba shi. Ya dubi takalminta na roba, ya dubi yadda take dafa ƙugu in za ta tashi. Ciwon bayan dai gaskiya ne.

*

Na biyu Lawali ɗan kabu-kabu, wanda ke kai saƙon kilinik tasha. An gan shi da sassafe yana fita da ƙunshi ɗaure a bayan babur, yana waige-waige.

"Mi ke cikin ƙunshin?" in ji Alkasum.

Lawali ya sosa ƙeya. "Kaya ne."

"Na san ba raƙumi ba ne. Wane kaya?"

Aka yi ta jan magana. Gumi ya karyo wa Lawali, 'yan leƙe ta katanga suka fara gyaɗa kai, sun samu ɓarawo. Daga ƙarshe ya matso ya yi raɗa: ruwan ƙanƙara ne. Yakan ɓoye gorunan ruwansa a firjin kilinik su kwana, da safe ya kwashe kafin lokotoro ya zo, ya kai wa wata Jamila mai tuyar ƙosai da yake nema.

"Tana sha?"

"Tana sha, Baba. Magana ce dai har yanzu ba ta ba ni ba."

"Ci gaba da kai ruwa," in ji Alkasum. "Amma ka nemi wani firjin."

Illiya mai gadi kuwa ya rantse da girman Allah ko kaza ba ta wuce shi ba. Alkasum ya tambaye shi inda yake da ƙarfe shida. Ya ce yana bakin ƙofa. Wace ƙofa? Ya ce ta masallaci, amma daga can ana hango ta kilinik, in an leƙa. Ya leƙa? Ya ce niyya dai yana da ita.

"Ba baƙon da ya shigo," Illiya ya dage. "Duk wanda ya shiga ko ya fita na gida ne."

Wannan kaɗai Alkasum ya ɗauka daga bakinsa ya sa aljihu.

*

Aka yi azahar, babu kwalba babu dalilinta. Lokotoro ya ce in an kai ƙarfe uku zai kira komisariya, ofishin 'yan sanda, kuma kowa ya san Biba za a fara ɗauka. Alkasum ya koma labo ya zauna kan kujera. Abin ya dame shi ƙwarai. Ya san Hajara tun tana yarinya, ita ta ɗinka masa kuben wuƙar da ke ƙugunsa.

"Ni ko kamannin abin ban sani ba," ya ce.

"Wannan mai sauƙi ne, Kawu. Na ɗauke shi hoto jiya."

Sai a lokacin ya lura da kamarar da ke rataye bisa tebur a jikin wani hannun ƙarfe, idonta na kallon ƙasa. Ramata ta nuna masa wani faifan roba a ƙarƙashin teburin. Da ƙafa ake taka shi hoto ya ɗauku, don mai aiki hannunsa na cikin safa, ya taɓa jini da magani, bai kamata ya taɓa na'ura ba.

Ta kunna allon ordinatar, wato kwamfuta. Ga ƙarin nan kwance kusa da ma'auni, bai fi dabino biyu ba. Ta murza wani ɗan abu da yatsa, sai naman ya taso ya cika allo. Alkasum ya ja da baya har rawaninsa ya goce.

"Kai! Ya kumbura?"

Ramata ta yi dariyar farko tun safe. "Zum ke nan, Kawu. Hoton nake jawowa kusa. Tsohuwar kamararmu sai idonta ya fito ya koma, rairayi ya shiga ya kashe ta. Wannan ba abin da ke motsi a jikinta. Tana ɗauke komi daki-daki tun farko, ni kuma in zaɓi inda nake so in faɗaɗa, ko bayan wata guda. Ba sai na sake taɓa naman ba. Dubi jijiyoyin nan. Dubi zaren da lokotoro ya ɗaura don na Yamai su gane sama da ƙasa."

"To su duba hoton mana, a huta."

"Hoton yana taimakonsu su san inda za su yanka. Amma hukunci sai da naman."

Ya matso da kujera yana kallon ƙananan layukan da ke jikin abin, kamar hanyoyin tururuwa. Sana'ar 'yar ƙanwarsa ta fara yi masa kama da tasa. Ramata ta danna don ta nuna masa ɗaya gefen, sai wani hoto ya fito, tebur wayam babu komi.

"Wannan ba ni na ɗauka ba," ta ce a hankali. Ta karanta lokacin da ke ƙasa. "Yau, shida da minti goma sha biyu. Jiya na manta ban kashe na'urar ba. Kawu, wani ya taka faifan bai sani ba!"

"Sa'ad da Biba ke famfo."

"Amma ba kowa a ciki. Ko hannu babu."

Alkasum ba hannu yake nema ba. Idonsa na can ƙasan hoton, inda tebur ya ƙare, aka ga ɗan tsirin daɓe wanda bai fi faɗin tafi ba.

"Jawo mini nan."

Ta jawo. Daɓen ya taso, ga rairayin da iska ke turowa ta ƙarƙashin ƙofa ya kwanta a kai, siriri kamar garin da ya zuba gefen turmi.

"Ƙara."

Ta ƙara. "In na wuce nan zai fara dushewa."

"Tsaya nan. Ya isa."

Sawu ne, guda, cikakke. Alkasum ya ji wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya duƙufa yana karatu, leɓensa na motsi, Ramata ba ta katse shi ba.

"Ba takalmi," ya ce. "Mace ce, ta manyanta. Ga faso a dunduniya. Gwiwar hagu na damunta, nauyin ya koma gefe. Ɗan ƙaramin yatsa bai taɓa ƙasa ba, ya hau kan ɗan'uwansa. Kuma ba sata ta zo yi ba."

"Ta yaya ka sani?"

"Ɓarawo da yatsu yake takawa, rabinsa na waje tun bai fita ba. Wannan ta dasa tafin duka, ta tsaya, ta daɗe. Ta kuma tuɓe takalmi a bakin ƙofa, yadda ake yi in za a shiga ɗakin wanda ake girmamawa. Samo mini tsintsiya."

*

A bainar jama'a aka zargi mutane, don haka ya ce a bainar jama'a za a wanke su. Ya share wani fili a tsakar kilinik, ya yayyafa ruwa. Ramata ta fito da allon ta ɗora kan benci, sawun nan ya cika shi. Lokotoro ya tsaya yana duban agogo, 'yan unguwa sun jeru a kan katanga.

Biba ta tuɓe ta taka. Yatsu biyar cif, ƙafa mai faɗi. Lawali ya taka, sawunsa ya kusa ninka na hoton. Illiya ya taka, har ya ƙara na biyu ba a roƙe shi ba.

"Ba ɗayansu," in ji Alkasum da ƙarfi, don na kan katanga su ji. "Wanda ya kai sunan Biba kasuwa da safe, ya koma ya ɗauko shi."

Biba ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Kawuna biyu-uku suka sulale daga katanga.

"Bon, to wa ke nan?" in ji lokotoro. "An tambayi kowa."

"An tambayi wanda ya kwana a ɗakin marar lafiya?"

"Inna Kadidiya, uwar Hajara? Ai ba ta ma san ya ɓata ba. Ni na hana a faɗa mata."

"Shi ke nan," in ji Alkasum.

Ba a kai ga aikawa ba sai ga ta ta fito da buta a hannu, 'yar tsohuwa tana ɗingisa ƙafar hagu. Kunnenta ya yi nauyi, duk hayaniyar yinin nan ba ta ji ko ɗaya ba. Ta ga taro, ta ga mutane ba takalmi, ta ɗauka addu'a ake yi. Ta tuɓe nata ta ratso ta kan filin da aka share. Kowa ya dubi ƙasa, ya dubi allo.

Alkasum ya durƙusa kusa da kunnenta. "Inna, ina wuni? Kwalba muke nema. Ta Hajara."

"Au, ita? Ai na binne ta."

Lokotoro ya dafe kai.

"Da kun tambaye ni," ta ce, tana mamakin fuskokinsu. "Jiya yarinyar nan ta nuna mini, ta ce mota za a sa shi. Mota! Naman ɗiyata, tsakanin buhun albasa da kajin mutane? Ni na binne mabiyiyarta da hannuna ranar da na haife ta. Haƙoranta na yarinta ban bar ko ɗaya a tsakar gida ba. Abin da ya fita jikin ɗan Adam ƙasa ake ba. Da na je gida dama kunu na sa shi a farin ƙyalle, na yi masa addu'a, na rufe."

"Inna, kin fitar da shi daga ruwan?" Ramata ta tambaya.

"Murfin ya ƙi buɗuwa. Hannun nan ba ƙarfi. Haka na sa shi da kwalbarsa, Allah ya yafe mini."

"Alhamdu lillahi!" in ji lokotoro da Ramata baki ɗaya.

Amma da aka ce ta nuna wurin, tsohuwa ta ɗaure fuska. Abin da aka ba ƙasa ba a karɓowa. Alkasum ya san in ya shiga gidanta, kafin ruwan shayi ya tafasa zai gano ramin. Bai so haka ba. Ya ce Ramata ta dawo da hoton naman, ta jawo shi kusa. Ya kama hannun tsohuwar ya kai ta gaban allo.

"Inna, kin san aikina. In kura ta shiga garke, sawu nake dubawa in san ta tafi ko tana nan kusa. Kin ga layukan nan? Sawun ciwon ne. Akwai masu karanta shi a Yamai. In yana ƙasa, ba mai gaya mana ko ciwon ya fita duka, ko ya bar saura a wuyan Hajara."

Ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta shafi gilashin.

"Saura a wuyanta?"

"Shi muke so mu sani."

"In sun gama karatun, su maido mini abin da ya rage."

"Ni zan rubuta musu da hannuna," in ji lokotoro.

"Kuma ba kusa da albasa ba."

Lawali ya ɗauke ta a babur zuwa tsohon gari, tana riƙe da rigarsa tana yi masa faɗan gudu. A bayan ɗakinta, gindin katanga, ta tone da kanta. Gab da kiran la'asar kwalba ta isa tasha cikin farin ƙyallenta, Inna Kadidiya na tsaye sai da ta ga an sa ta a akwatin gaba, kusa da direba. Da ta dawo aka ba ta labarin abin da Biba ta sha a dalilinta. Ta nemi Biba har ɗakin wanki, ta riƙe hannunta biyu ta nemi gafara, ta kuma ba ta sunan wata saiwar da ta fi ta mai maganin.

*

Kwana goma sha tara aka yi ana jira. Ranar da takarda ta iso, Ramata ta biya kasuwar raƙuma ta ɗauki kawunta, suka tafi gidan Hajara tare. Hajara na zaune a inuwa da fata a cinya, ta kasa ɗaga ido. Ramata ta karanta da Faransanci, ta sake faɗi da Hausa. Hajara ta saki allura ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa.

Tsohuwar na duban bakin wannan tana duban na wancan.

"Mi suka ce?"

Alkasum ya durƙusa kusa da kunnenta. "Ba sankara ba ce, Inna. Ya fita duka."

"Iye?"

Ya cika ƙirji ya ɗaga murya, har maƙwabta suka jiyo ta bayan katanga, wata ta rangaɗa guɗa.

"Na ce ba sankara ba ce!"

Inna Kadidiya ta riƙe hannun rigarsa gam, hawaye na bin kumatunta.

"Na ji tun na farko," ta ce. "Sake faɗi dai."